Jami'ar da Ruhaina Ta Yi a Waya

A wancan ɓangaren Maamobi, idan aka ce Madam ba tare da an ƙara wani suna ba, Ruhaina ake nufi. Ba ita kaɗai ce malamar makaranta a unguwar ba, amma ita aka fi daɗewa ana gani da safe tana tsallake babbar kwata da jakar littattafan yara a kafaɗa, za ta Kotobabi. Cikin yaran da ta koya wa rubuta sunansu, wasu yanzu suna tuƙa motar haya ta trotro, wasu suna da rumfa a kasuwar Nima, wasu sun bi hamada sun haura Turai. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa duk tsawon shekarun nan ba ta da takardar malanta ko guda.

Mahaifinta, Baba Osumanu, mutumin Bawku ne da ya zo Accra yana saurayi. Ya yi gadi, ya yi dako, daga baya ya zauna kan sayar da albasa. Mahaifiyarta 'yar ƙabilar Kotokoli ce, ta rasu tun Ruhaina tana firamare. A gidan haya ta tashi, irin mai ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Kowane ɗaki da yarensa, amma da an fito tsakar gida Hausa ake yi.

Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, har wata kwalejin horar da malamai ta ɗauke ta. An sayi akwati, an sayi bokiti da gidan sauro, sai Baba ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa tsakanin buhunan albasa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Yayanta namiji yana Libya a lokacin, ba a ma san garin da yake ba. Babu wanda ya ce mata kada ta tafi. Ita ce ta duba ta ga babu mai juya tsohon a kan gado, ta tura akwatin ƙarƙashin gadon ta zauna.

Hajiya Sanatu, mai wata makarantar kuɗi a Kotobabi, ita ta ɗauke ta koyar da 'yan aji biyu, domin wurin kusa ne, tana iya leƙowa gida da rana. Bayan wasu shekaru ta auri Tawfiq, direban motar rarraba burodi, mutum marar yawan magana. Sharaɗi ɗaya ta kafa masa, cewa ba za ta bar gidan ba. Ya kama ɗakin da ke jikin na Baba, suka haifi 'ya'ya biyu a nan. Haka rayuwar ta miƙe: wankan Baba da safe, makaranta, abincin Baba da rana, makaranta, girki. Matasan malamai masu digiri sukan zo makarantar Hajiya su yi shekara guda, gwamnati ta ɗauke su su tafi. Ita tana nan a aji biyu.

Abin bai dame ta sosai ba sai ranar da jami'an ilimi suka zo duba makarantar. A lokacin an fara maganar cewa duk mai koyarwa sai ya mallaki lasisi. Da motarsu ta tsaya a ƙofa, Hajiya Sanatu ta shigo ajin da sauri ta rage murya.

"Ruhaina, je ki kicin ki ɗan zauna. Za su tambayi takardu."

Ta ajiye alli ta tafi. Ta zauna a kan benci tare da masu dafa wa yara abinci, aka miƙo mata tiren wake ta shiga tsincewa. Daga nan tana jin wata sabuwar malama tana karanta wa 'yan ajinta darasin da ita ta rubuta a allo. Da baƙin suka tafi ta wanke hannu ta koma aji. Ba ta yi wa Hajiya maganar ba, ita ma Hajiya ba ta tayar ba. Amma a makon ta fara neman makarantar da za a yi daga gida.

Ta farko a waya ta ga tallarta. Jami'a ce wai a wata ƙasar Turai, da hoton dogon gini da ciyawa kore shar, suna cewa ko'ina mutum yake zai yi digiri ba tare da ya taka ƙafa ba. Ta yi rajista. Sukan turo mata abin karantawa, ta rubuta amsa ta mayar, maki ya dawo mai yawa. Kullum mai yawa. Tawfiq yana jin daɗi, yana faɗa wa abokan aikinsa a gidan burodi cewa matarsa tana jami'ar Turai.

An kusa shekara biyu a haka. Wata rana cikin gaggawa, maimakon aikin da ta rubuta, sai ta tura musu tambayoyin jarrabawar da ta shirya wa 'yan aji biyu, masu cewa a zana kaza a rubuta sunanta. Ba ta lura ba sai bayan ta tura. Tana shirin ba da haƙuri sai ga sakamako ya shigo: maki mai yawa, da yabo cewa ta yi zurfin nazari.

Ta daɗe tana kallon wayar. Washegari ta nemi izini ta shiga mota zuwa ofishin da ake tantance manyan makarantu. Ma'aikacin da ta samu ya duba sunan a kwamfuta, ya girgiza kai, ya ce ba su san da wannan makaranta ba, kuma ba ita ce ta farko da ta zo da sunan ba. Ta yi masa godiya ta fito. A hanya ta tsaya ta sayi kuɓewa da kifi, ta zo ta yi miya, ta ba Baba abinci a baki. Sai da Tawfiq ya ci ya wanke hannu sannan ta gaya masa.

Ya ce, "To duk karatun da kika yi fa?"

"Na karanta. Su ne ba su karanta ba."

"Yanzu sai yaya?"

"Sai in sake daga farko. Amma wannan karon a nan Ghana, inda in sun yi mini ba daidai ba zan iya shiga mota in je in same su."

Bai ce a'a ba. Ya dai daina ba da labari a gidan burodi.

Wata jami'ar gwamnati mai sashen karatu daga nesa ta ɗauke ta digirin koyar da 'yan firamare. Aikin farko da ta tura ya dawo da gyara tun daga layin farko har na ƙarshe, makin kuma da ƙyar ya tsallake. Malamin ya rubuta cewa tana da abin faɗi amma ba ta san yadda ake kafa hujja ba. Ruhaina ta karanta gyaran sau da yawa, ta ji hankalinta ya kwanta, domin ko ba komai wani ya zauna ya karanta abin da ta rubuta.

A ɗakin Baba take karatun, don nan ne netiwok ya fi kamawa, a lungun da ke jikin taga. Da ta dawo daga makaranta ta yi la'asar, sai ta jingina wayar da gwangwanin madara ta sa abin ji a kunne ɗaya, ɗaya kunnen ta bar wa Baba. Wani lokaci malami yana tsakiyar bayani hoton ya daskare, bakinsa a buɗe, sai ta jira. Wani lokaci a ɗauke wuta, waya ta mutu. Daga baya Tawfiq ya samo mata tsohuwar laftof a wajen wani mai gyara a Zongo Lane, wadda harafi ɗaya ba ya dannuwa sai an matsa da ƙarfi. Baba yakan kwanta yana sauraron Turancin da ba ya ji, idan aka yi dariya a ajin shi ma ya murmusa da rabin bakinsa.

Mutanen gidan ba su gane abin ba da farko. Mma Awabu, tsohuwar da ke ɗakin bakin ƙofa mai sayar da koko da ƙosai, ta leƙo wata rana ta tsaya tana kallon fuskokin da ke jere a laftof ɗin.

"Wannan makarantar taki, ina ƙofarta yake?"

"Ba ta da ƙofa a nan, Mma. Tana can nesa."

"Kuma malamin yana ganinki?"

"Yana gani. Ke ma yana ganinki yanzu."

Mma Awabu ta gyara ɗankwali ta ja da baya. Tun daga ranar, in ta ga Ruhaina ta shiga ɗakin da littafi, takan kori yara daga bakin tagar.

Da annobar korona ta zo, jami'ar ta mayar da jarrabawa ma kan intanet, kuma ko bayan an buɗe gari wasu darussan a haka suka ci gaba. Dokar mai tsauri ce. Kafin a fara, ɗalibi zai juya kyamara ya nuna ɗakin duka. Ba a yarda da kowa a ciki ba, ba a magana, ba a tashi har sai an gama. Saboda haka duk ranar jarrabawa Tawfiq yakan ɗauko Baba ya zaunar da shi a kujera a baranda kafin ya fita da mota, Mma Awabu kuma ta riƙa sa masa ido.

A shekara ta uku, wata Asabar da hantsi, tana rubuta jarrabawar darasin da ya fi ba ta wuya, na auna fahimtar yara. Ta yi nisa, amsoshin suna zuwa mata. Sai ta ji ƙarar kujera a kan siminti, sannan ta ji muryar Baba yana kiran rabin sunanta, yadda harshensa yake iyawa.

"Haina."

Ta saurara ko za ta ji takun Mma Awabu. Ba ta ji ba, domin tsohuwar ta fita bakin titi, an ce iska ta kifar mata da rumfar koko. Baba ya sake kira. Ruhaina ta dubi ɗan hasken kyamarar, ta tashi ta fita.

Ta same shi kwance a gefe, goshinsa ya bugi bakin dakali yana jini. Ɗaga shi ya ɗauki lokaci, domin jikin da ya shanye nauyi gare shi. Ta wanke ciwon, ta ɗaure, ta canza masa riga. Da ta koma ɗaki shafin ya rufe. Bayan kwana kaɗan saƙo ya zo cewa ana tuhumarta da barin wurin jarrabawa da yin magana da wani, kuma za ta bayyana gaban kwamiti.

Zaman kwamitin ma a laftof aka yi shi. Malamai uku ne, mace ɗaya da maza biyu, kowa a ofishinsa. Shugabar ta karanta tuhumar, sannan ta ce za su kunna abin da kyamara ta ɗauka. Ruhaina ta ga ɗakin Baba yadda baƙo zai gan shi: bango mai shuɗin fenti da ya ɓare, rigunan tsohon rataye a ƙusa, da kujerar roba babu kowa a kai. Hoton bai motsa ba, sai sauti. Ana jin jan ƙafa, da nishi, da muryarta daga waje.

Shugabar ta tsayar da shi. Ta ce, "Madam Osumanu, wane yare ne wannan, kuma da wa kike magana?"

"Hausa ce. Da mahaifina nake."

"Me kike ce masa?"

Kafin ta amsa, ɗaya daga cikin mazan, wanda bai ce komai ba tun da aka fara, ya matso kusa da kyamararsa. Ya ce shi mutumin Yendi ne, yana jin Hausa. Ya ce, "Cewa take, Baba riƙe wuyana da hannun mai lafiya. Abin da take ta maimaitawa ke nan."

Shugabar ta tambaye ta shekara nawa mahaifin yake kwance, ta faɗa. Suka kashe sauti suka yi shawara, tana kallon bakunansu suna motsi. Da suka dawo, shugabar ta ce sun gamsu ba satar amsa ba ce, ba za a rubuta mata laifi ba. Amma doka ba ta ba su ikon karɓar jarrabawar da aka tashi aka bari ba, kuma darasin sau ɗaya ake yin sa a shekara. Sai ta jira baɗi. Hakan na nufin 'yan ajinsu za su gama su bar ta.

Ta ce ta gode. Ta rufe laftof ɗin ta je ta ɗora ruwan wankan Baba.

Da yamma Mma Awabu ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

"Ni ne na bar shi," ta ce.

"Ya wuce, Mma. Rumfar ta gyaru?"

"Ta gyaru."

Maganar ta ƙare a nan. Amma Ruhaina ta san ba za ta sake rubuta jarrabawa a inda kunnenta zai kai baranda ba. Ranar Litinin bayan an tashi ta shiga ofishin Hajiya Sanatu ta roƙi a ba ta aron aji ɗaya a ranakun Asabar. Hajiya ta san da karatun tun tuni, ba ta dai taɓa tambayar yadda yake tafiya ba. Ta cire tabarau ta ajiye.

"In kin gama tafiya za ki yi, kamar sauran."

"Wataƙila, Hajiya."

"Ba wataƙila. Ni na san yadda abin yake. Na riƙe ki lokacin da babu mai ɗaukarki."

"Ban manta ba."

Hajiya ta juya tana duba wasu takardu kamar an gama magana. Ruhaina ta kai bakin ƙofa sai ta ji ƙarar makulli a kan tebur.

"Ba aji ba, akwai hayaniyar titi. Ki zauna a nan ofis. Ki kashe fanka in za ki fita."

Daga nan duk ranar jarrabawa Tawfiq yakan nemi wani ya karɓe shi a mota, ya zauna da Baba da kansa. Ta sake darasin a shekara mai zuwa tare da ɗaliban da ba ta sani ba, ta ci.

Baba Osumanu bai ga ƙarshen karatun ba. Ya rasu da damina, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tana ba shi kunu ya kau da kai, shi ke nan. Yayanta ya bugo waya daga Italiya yana kuka. Gidan ya cika da mutanen Bawku da 'yan kasuwar albasa, waɗansu ba ta gan su ba tun tana yarinya. A makon akwai babin binciken ƙarshe da ya kamata ta miƙa. Ta rubuta wa malamin da ke duba aikin cewa mahaifinta ya rasu, ya yi mata ta'aziyya ya ƙara mata lokaci. Bayan sadakar bakwai ta koma lungun tagar. Wata guda ta yi tana sa abin ji a kunne ɗaya kafin ta lura babu dalilin barin ɗayan.

Ranar bikin yaye ɗalibai ce ranar farko da ta taka harabar jami'ar. Tana da shekara arba'in da ɗoriya. Ita da Tawfiq da yaran suka yi sammako suka shiga mota, suka isa suka yi ta tambayar hanya kamar kowane baƙo. A layin karɓar riga ta ji wata mata a bayanta tana faɗa da mai raba huluna cewa tata ta yi mata kaɗan. Ruhaina ta san muryar. Muniratu ce daga garin Wa, wadda suka yi shekara suna aikin rukuni tare, kyamararta kullum a kashe saboda netiwok ɗin garinsu. Ruhaina ta ɗauka doguwa ce, ashe ko kafaɗarta ba ta kai ba. Suka gaisa, sai suka shiga gyara wa juna riga. Rana ta yi zafi, jawabai suka yi tsawo, mai kiran suna ya karanta nata a karkace. Ta hau ta sauko. Tawfiq ya ɗauki hoto, yatsansa ya rufe rabi.

Ta rubuta jarrabawar lasisi ta ci, ta yi hidimar ƙasa, sannan ta jira. Da gwamnati ta tashi ɗaukar malamai, sunanta ya fito, amma ba a Accra ba. An tura ta wani ƙauye a yankin Oti, gaba da Kpassa, tafiyar yini guda. Mutanen gida suka ce ta nemi wanda zai yi mata hanya a canza. Hajiya Sanatu ta ce aji biyu yana nan in tana so. Tawfiq ne kaɗai bai ce komai ba sai da ta tambaye shi.

"Tun kina yarinya aka saya miki kayan tafiya ba ki tafi ba," ya ce. "Yara sun girma, ni ma na iya dafa shinkafa. Ki je ki gani."

Ta tafi a farkon zango. Makarantar ɗakuna uku ce da rumfar kwano, shugaban ya ba ta 'yan aji ɗaya a ƙarƙashin rumfar. Yaran Konkomba ne, ba sa jin Turanci, ba sa jin Hausa, ita kuma ba ta jin yarensu. Makon farko da hannu da fuska aka yi karatun. Yanzu ta iya cewa zauna, da zo nan, da wa ya buge ka, kuma in ta faɗa ba daidai ba sukan yi dariya su gyara mata. Ranar kasuwa takan je wajen mahauta ta sayi nama, ta ɗan daɗe a tsaye don su ne masu Hausa a garin. In an yi hutu tana zuwa Maamobi da doya a buhu.

Shugaban makarantar ya tambaye ta ko za ta nemi a mayar da ita Accra in lokacin neman canji ya yi, domin yawancin waɗanda ake turowa haka suke yi. Ta ce masa ba ta yanke shawara ba tukuna. A bayan ɗakin da aka ba ta akwai ɗan fili, ta roƙi iri a wajen matar mai gidan ta shuka kuɓewa da barkono. Awaki sun cinye barkonon, kuɓewar ce ta yi.